Lauya zai iya jagorantar cocin Mormon?

Ka tambaya ko sai mutum ya yi karatun limanci kafin ya jagoranci cocin Mormon, wani coci mai hedikwata a jihar Utah ta Amurka. Ba sharaɗi ba ne, domin daga cikin mabiya ake zaɓo shugabanni. J. Reuben Clark lauya ne da ya yi jakadan Amurka a Meziko daga 1930 zuwa 1933, kuma a 1933 shugaban cocin, Heber J. Grant, ya ɗauke shi mataimaki.

Sai dai a iya bibiyata, wanda ya kai wannan mataki yakan ajiye aikin gwamnati. Dallin Oaks ya bar alƙalanci a kotun ƙolin jihar Utah a 1984, da aka shigar da shi majalisar manzanni goma sha biyu, ɗaya daga cikin manyan majalisun shugabancin cocin.