Me ya sa dogon numfashi yake sa ni jiri maimakon ya kwantar mini da hankali?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni mace ce mai shekara 34, kuma kusan shekara guda ke nan ina fama da faɗuwar gaba da ƙuncin ƙirji duk lokacin da aiki ya yi mini yawa ko aka ɓata mini rai. Na je asibiti, an duba zuciyata, an auna jinina, an ce lafiyata lau. Kowa sai ya ce in riƙa jan dogon numfashi, amma idan na ja sai jiri ya ɗebe ni, yatsuna su riƙa yi kamar ana tsira musu allura, tsoron kuma ya ƙaru. Shin wannan magana ta sarrafa numfashi tana da tushe a ilimin likita, ko faɗa ce kawai? Idan tana da amfani, a ina nake yin kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin yi daidai da kika fara zuwa asibiti, domin ƙuncin ƙirji ba abin wasa ba ne, kuma sai an tabbatar zuciya da huhu da jini suna lafiya sannan ake ɗora shi a kan damuwa. Maganar sarrafa numfashi tana da tushe mai ƙarfi, jirin da kike ji shi ma gaskiya ne kuma yana da dalili sananne. Shawarar da ake ba ki rabinta ce kawai ta iso gare ki: an ce ki ja iska, ba a gaya miki cewa natsuwar tana cikin fitar da ita ba, da kuma yin komai a hankali.

Idan mutum ya ji barazana, ko ta gaske ce ko ta tunani, ƙwaƙwalwa takan tura saƙo ga wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki sinadarin adirenalin, daga baya kuma kotisol. Zuciya ta ƙara sauri, tsoka ta ɗaure, baki ya bushe, numfashi ya koma gajere kuma daga saman ƙirji. Wani masanin aikin jiki na Jami'ar Harvard a Amurka, Walter Cannon, shi ya fayyace wannan tsari a farkon ƙarni na 20, ya nuna cewa shiri ne na faɗa ko gudu. Ga wanda zai ruga a guje, shirin yana da amfani. Ke kuwa kina zaune ne a kan kujera, jikinki ya shirya wa gudun da ba za ki yi ba. A cikin duk abubuwan da suka motsa a wannan lokaci, ba ki da ikon ce wa zuciyarki ta rage sauri, ba ki da ikon hana gumi fita. Numfashi ne kaɗai yake tafiya da kansa ko kina barci, amma kuma yake karɓar umarninki idan kika ba shi, shi ya sa aka mayar da shi ƙofar shiga wannan tsari gaba ɗaya.

Yawancin mutane suna zaton idan ƙirji ya ƙuntata iskar oksijin ce ta yi ƙaranci, don haka sai su yi ta zuƙar iska da ƙarfi. A jikin mai lafiya kuwa jini ya riga ya ɗauki kusan duk oksijin da zai iya ɗauka, kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari, kuma ƙarin zuƙa ba ya ƙara masa wani abin kirki. Abin da yake canzawa shi ne iskar kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa. An saba ɗaukarta a matsayin shara, alhali jiki yana buƙatar wani ma'auni nata a cikin jini. Idan kika yi manyan numfashi a jere, da sauri, sai ki zubar da ita fiye da yadda jiki yake samar da ita. Da zarar ta ragu, hanyoyin jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa sukan tsuke, jinin da ke isa can ya ragu, shi ne jirin da ganin dishi-dishi. Haka kuma yanayin jinin yakan ɗan canza, sinadarin kalsiyam da ke yawo a cikinsa ya ragu, jijiyoyi su zama masu saurin motsuwa, shi ne allurar da kike ji a yatsu, wani lokaci har a leɓe. Akwai ma abin da wani masani ɗan ƙasar Danmak, Christian Bohr, ya gano a 1904: idan kabon dayoksaid ya yi ƙasa, jini yakan ƙara riƙe oksijin ɗinsa, ya rage sakar wa sassan jiki. Sai mutum ya ji kamar iska ba ta ishe shi ba, ya ƙara ja, alamun su ƙaru, tsoro ya ƙaru. Ina da yaƙinin wannan ne yake faruwa da ke, kuma ko da yake yana da firgitarwa, ga mai lafiyar zuciya da huhu yakan wuce cikin 'yan mintuna idan numfashi ya koma daidai. Tsohuwar dabarar nan ta yin numfashi a cikin jakar takarda daga nan ta samo asali, amma likitoci sun daina ba da shawararta, saboda tana da haɗari idan ya zamana asma ce ko ciwon zuciya ke damun mutum, don haka kada ki yi ta.

Domin ki ga abin da yake kawo natsuwar da kanki, ki zauna shiru, ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunki, ƙasa da babban yatsa, har ki ji bugun jini. Ki shaƙa a hankali, sannan ki fitar a hankali sosai. Idan kika saurara da kyau, za ki ji bugun ya ɗan yi sauri lokacin shaƙa, ya ɗan lafa lokacin fitarwa. Wannan aikin wata doguwar jijiya ce da likitoci ke kira bagus, ta goma cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, wadda ta gangaro ta wuya zuwa zuciya da huhu da hanji. Ita ce birkin zuciya. Lokacin shaƙa birkin yakan saki kaɗan, lokacin fitarwa kuma ya kama. Saboda haka duk wanda ya tsawaita fitar da numfashi ya ƙara wa birkin lokacin aiki. Baligi a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Idan aka rage zuwa wajen sau 6, numfashi da bugun zuciya da na'urar jiki mai daidaita hawan jini sukan shiga taki ɗaya, kuma wannan ana iya auna shi da na'ura a ga sauyin ƙarara.

Jiki ma yana da tasa dabarar tun asali, wadda muke kira ajiyar zuciya, kuma ina ganin wannan suna ya kama gaskiyar abin sosai. Mutum yakan yi ajiyar zuciya kusan duk bayan minti 5 ba tare da ya sani ba. Aikinta na farko shi ne buɗe ƙananan jakunkunan iska na huhu, waɗanda yawansu ya kai miliyoyi ɗari-ɗari, domin wasu sukan manne idan numfashi ya daɗe yana gajere. Ki lura da yaron da ya gama kuka: zai ja iska sau biyu a jere, ta biyun ƙarama a kan ta farko, ƙirjinsa ya ɗan girgiza, sannan ya saki dogon numfashi, kafaɗunsa su sauka, sau da yawa barci ya biyo baya. Babu wanda ya koya masa. A farkon 2023 masu bincike na Jami'ar Stanford sun wallafa wani gwaji da suka yi da mutum sama da 100, inda kowa ya riƙa yin minti 5 kullum har wata guda. Wasu sun yi irin wannan ajiyar zuciya da gangan, wasu sun yi wasu salon numfashi biyu, wasu kuma sun zauna suna lura da numfashinsu kawai ba tare da sun canza shi ba. Duka rukunonin sun ji sauƙi, amma masu ajiyar zuciyar, wato masu tsawaita fitarwa, su suka fi samun walwala, kuma yawan numfashinsu a zaune ya ragu.

Wajibi ne in gaya miki iyakar abin, domin ana yawan zuzuta shi a intanet kamar maganin kowace cuta. A 2023 ɗin dai wasu masana a Birtaniya sun tattara gwaje-gwaje 12 da suka ƙunshi mutum 785, suka ga cewa masu sarrafa numfashi sun samu raguwar damuwa fiye da waɗanda ba su yi ba, amma raguwar daga ƙarama ce zuwa matsakaiciya, kuma su da kansu sun ja kunne kada a yi gaggawar kambama sakamakon. A ganina wannan ba ya rage masa daraja. Abin da ba ya buƙatar kuɗi ko kayan aiki, wanda za ki iya yi a tsakiyar taro ba wanda ya lura, idan ya rage miki nauyi ko da kaɗan ne kullum, ya cancanci minti 5 ɗinki. Sai dai ba zai rage miki yawan aikin ba, ba kuma zai gyara halin mai ɓata miki rai ba. Abin da yake yi shi ne ya sassauta jiki har hankali ya dawo, ki samu ɗan tsaiko tsakanin abin da aka yi miki da abin da za ki faɗa. Maganganu da yawa da mutum yake nadamarsu a cikin wannan ɗan tsaikon ake riƙe su.

Ki zauna ki jingina bayanki, ko ki kwanta, ki ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Ki rufe baki, ki shaƙa ta hanci kina ƙirga huɗu a zuci, ki bar cikinki ya ɗago hannun da ke kan cibiya, na ƙirji kuwa ya zauna kusan ba motsi. Wannan alama ce cewa faffaɗar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki ita ke aiki, wuya da kafaɗu sun huta. Daga nan ki fitar kina ƙirga shida, ta hanci ko ta ɗan tsakanin leɓe kamar mai hura kyandir ba ta son ya mutu. Huɗu da shida daƙiƙa goma ke nan, wato sau 6 a minti. Abu mafi muhimmanci a gare ki musamman shi ne kada ki cika huhu maƙil. Numfashin ya zama ƙarami, mai laushi, marar sauti, har wanda ke kusa da ke ba zai ji ba. Idan huɗu da shida suka yi miki tsawo, ki fara da uku da huɗu ko uku da biyar, ki ƙara bayan kwanaki. Idan jiri ya taso, alama ce kin ja da yawa: ki dakata, ki koma numfashinki na yau da kullum, ki sake farawa da ƙaramin zuƙa. Ɗan jin kamar kina son ƙarin iska a kwanakin farko ba matsala ba ne, jikin da ya saba da yawan zuƙa ne yake sabon koyo.

Za ki ci karo da salon da ake riƙe numfashi, kamar na huɗu, bakwai, takwas (shaƙa ana ƙirga huɗu, riƙewa bakwai, fitarwa takwas), ko na huɗu sau huɗu (shaƙa, riƙewa, fitarwa, sake riƙewa, kowanne ana ƙirga huɗu). Suna yi wa wasu amfani, amma ina ba ki shawara ki ajiye su tukuna, domin riƙe numfashi yakan tayar wa mai fargaba da hankali.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya jira sai hankalinsa ya tashi sannan ya tuna da numfashi, ya gwada sau biyu, ya ce ba ya aiki. Ba a koyon iyo ranar da kwalekwale ya kife. Ki riƙa yi lokacin da kike lafiya lau, minti 5 da safe, minti 5 kafin barci, har tsawon mako huɗu, domin jiki ya san hanyar kafin ranar buƙata. Idan kuma faɗuwar gaban ta zo miki a tsakiyar aiki, ki fara da fitarwa kafin ki ja komai, ki saki kafaɗu da muƙamuƙi, ki yi ajiyar zuciya irin ta yaron nan sau biyu ko uku, sannan ki koma huɗu da shida.

Akwai waɗanda mayar da hankali kan numfashi yake ƙara musu tsoro, musamman masu firgici mai zuwa farat ɗaya da waɗanda suka taɓa shiga wani mummunan tashin hankali. Idan kin ga haka, ki buɗe ido, ki kafa shi a kan wani abu da ke gabanki, ko ki yi ƙirgar kina tafiya, taku huɗu shaƙa, taku shida fitarwa. Salon nan na haki da sauri da gangan, wanda ake bi da dogon riƙe numfashi, bai dace da ke ba, haka ma mai juna biyu da mai farfaɗiya da mai ciwon zuciya ko hawan jini, kuma kada kowa ya yi shi a cikin ruwa ko yana tuƙi, domin yana iya sa suma. Mai asma kuma kada ya ajiye maganinsa ya dogara da numfashi.

Shekara guda kina cikin wannan hali lokaci ne mai tsawo, kuma ba na so ki ɗauke shi ke kaɗai. Idan bayan mako huɗu zuwa shida kina yi kullum ba ki ga sauƙi ba, ko abin ya fara hana ki barci, cin abinci ko fita aiki, ko baƙin ciki ya lulluɓe ki har kika daina jin daɗin abin da kika saba so, ki nemi likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan'adam, domin fargaba ciwo ce mai magani, ta hanyar zaman tattaunawa da ƙwararre, wani lokaci kuma har da ƙwaya. Idan tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki gaya wa wani da kika amince da shi a ranar, ki je asibiti. Haka nan idan ciwon ƙirji ya zo da nauyi kamar an ɗora dutse, ya bazu zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko ya zo da gumi mai sanyi, suma, ko sarƙewar numfashi lokacin da kike hawa bene, kada ki tsaya ƙirga huɗu da shida, ki tafi sashen gaggawa nan take, ko da an taɓa ce miki zuciyarki lafiya lau. Allah ya ba ki lafiya.