Waƙoƙin ƙasar Cek a bakin mawaƙan Gombe: tambayoyinku, amsoshinmu

Daga wani shugaban mawaƙa a Kaltungo: Mu talatin da biyu ne, da sol-fa (do, re, mi) muke karatun waƙa, kibod ɗaya gare mu. Na saurari babbar waƙar sujada ta Janáček mai suna Mša glagolskaja, ta shiga raina ƙwarai. Za mu iya rera ta a taron mawaƙa na ƙarshen shekara?

Malam, ba za mu rufe ka ba, wannan ta fi ƙarfinku a yanzu. Leoš Janáček, mawallafin waƙa ɗan ƙasar Cek wanda ake kiran sunansa Yanacek, ya rubuta ta a 1926, aka fara rera ta a birnin Brno na ƙasar a watan Disamba na 1927. Tana cin kusan minti 40, tana bukatar cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, da ogan, da gwanaye huɗu masu rerawa su kaɗai, kuma kalmominta ma ba na yaren Cek na yau ba ne, tsohon harshen coci ne na Silabawa. Kibod ɗaya ba zai ɗauki wannan kaya ba, masu sofrano kuma za su shaƙe tun ba a je ko'ina ba.

Abin da ya dace da ku shi ne Otče náš, wato Addu'ar Ubangiji, ta shi wannan mawallafi. Ya rubuta ta a 1901 don a raka ta da fiyano ko hamoniyam, a 1906 ya sake mata tsari da ogan da babbar garayar Turawa. Kashi biyar ce, kusan minti 15, muryoyi huɗu da tena guda mai rerawa shi kaɗai. Ku fara neman wannan tenan kafin komai, domin yana hawa sama sosai. In babu shi, a ba wa mai sofrano mai natsattsiyar murya. Ma'anar kalmomin kuma kowa ya haddace ta tun yana yaro, wannan rabin aikin ke nan. Ku lura da kashin roƙon abincin yini: ba a rera shi da lallashi, kuka ne na mai jin yunwa, muryoyi na bin juna da ƙarfi. Wajen mayar da ita sol-fa, Janáček na yawan sauya maɓalli a tsakiyar layi. Duk inda ya sauya, a rubuta sauti ɗaya da sunaye biyu, tsoho da sabo, a koyar da wannan gaɓa daban kafin a haɗa. Janáček ya rasu a 1928, haƙƙin mallaka ya ƙare, saboda haka takardun tsofaffin bugu suna nan kyauta a IMSLP, shafin intanet na takardun waƙoƙi.

Daga wata malamar waƙa a Gombe: Yaren Cek ne ya tsaya mana. Baƙaƙe sun cushe wuri ɗaya babu wasali. Ko mu fassara zuwa Hausa ne kawai?

Malama, kada ki yi saurin fassarawa. Janáček ya yi shekaru yana yawo da ɗan littafi, yana rubuta hawa da saukar muryar mutane in suna magana a kasuwa ko kan hanya, daga nan yake ciro karin waƙarsa. In aka cire kalmomin, karin ya rasa ƙafar tsayawa. Ga kuma tamu matsalar: Hausa tana da karin sauti, in waƙa ta hau inda kalmar ke sauka, sai ma'ana ta karkace.

Bahaushe na da wata riba a nan wadda Bature mai Ingilishi ba shi da ita. Yaren Cek na bambanta dogon wasali da gajere kamar yadda muke bambanta fari da fāri, kuma su suna nuna dogon a rubuce: á, é, í, ú, ů, ý. Kunnen ɗalibanki ya riga ya san wannan. Sai dai a yarensu ƙarfin kalma kullum a gaɓar farko yake, ko da dogon wasalin yana can ƙarshe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a danna dogon wasalin da ƙarfi. A "na nebesích", wato "cikin sama", ƙarfin yana kan "na", ita kuwa "sích" a ja ta kawai, kada a buga ta.

Baƙaƙen da yawa muna da su. Č ita ce c tamu, š ita ce sh, j ita ce y. Ch kuwa ita ce kha ta Larabci, daga maƙogwaro. C tasu t ce da s a manne, ba tare da matse maƙogwaro irin na tsa tamu ba. V ce ke son kulawa, domin bakinmu na mayar da ita b: haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, a yi ta a gaban madubi har ta zauna. Ř kaɗai ce ba mu da makamanciyarta. A kaɗa harshe kamar a "tara" ta lissafi, a lokaci guda ana fitar da sh mai murya. Su kansu yaran Cek ita suke koya a ƙarshe.

Babban abokin gaba shi ne wasalin da harshenmu ke cusawa tsakanin baƙaƙe. "Chléb", gurasa, gaɓa ɗaya ce. In ta zama "kileb" an ƙara sautin da ba a rubuta ba, kuma duk ƙungiyar za ta makara da rabin bugu. Maganinsa: mako biyu na farko kada a rera komai. A karanta kalmomin da baki ana tafa bugu, a hankali. Baƙaƙen farkon kalma su fito gab da bugu, wasalin ya sauka daidai kan bugun. In jerin ya yi tsawo, a gina shi daga baya: éb, léb, chléb. A "jenž jsi" ba a furta j ta biyu, "yensh si" ake cewa. A kalma irin "srdce", zuciya, r ce ke riƙe da sautin waƙar kamar wasali.

Daga wata uwa a zumuntar mata, Billiri: Akwai wadda mata zalla ko yara za su iya?

Akwai, Mama. Bohuslav Martinů, shi ma mawallafi ɗan ƙasar Cek, ya rubuta Otvírání studánek a 1955 yana zaune a Faransa, cike da kewar garinsu Polička da bai sake komawa ba har ya rasu a 1959. Labarin al'adar yaran ƙauye ne da ke share idanun ruwa bayan sanyi ya wuce. Muryoyin mata ko yara ne, da mai ba da labari, da namiji guda mai matsakaiciyar murya a ƙarshe, sai gogen Turawa uku da fiyano, kusan minti 20. Karinta mai sauƙi ne, amma bugunta na yawan sauyawa, don haka mai ba da hannu ya haddace wuraren sauyin. Ba waƙar ibada ba ce, ta fi dacewa da bikin makaranta, kuma ku ba shugabanni fassararta su duba tukuna. Haƙƙin mallakarta bai ƙare ba sai ƙarshen 2029, sayen takardun za ku yi.

In a hunturu za ku rera, muryoyi kan zame ƙasa saboda bushewar maƙogwaro. A yayyafa wa ɗakin ruwa a share awa guda kafin a taru, kowa ya zo da ruwa mai ɗumi, a yi minti goma ana gunji da baki rufe. Sannan a ba da sauti, a rera layi takwas ba kibod, a sake taɓa sautin a ji. In an zame, yawanci mi da ti ne suka yi ƙasa. A tsayar da masu alto su gyara su su kaɗai kafin sauran su shigo.