Amsa: Zan iya kai 'yar shekara 3 da ɗan shekara 7 KidZania ta Dubai?

'Yar'uwa, kin ce za ku je Dubai hutu, kina tunanin ko kuɗin tikitin ƙaramar zai tafi a banza.

Babban dai zai more. KidZania ƙaramin gari ne da aka gina wa yara, an fara shi a Meziko a 1999, na Dubai kuma yana cikin Dubai Mall. Yaro yakan zama likita ko matuƙin jirgi ko ɗan kwana-kwana, a biya shi da kuɗin wasa mai suna kidZos, ya kashe ko ya ajiye a bankinsu. Ke ba za ki shiga ɗakunan ba, ta gilashi za ki riƙa leƙensa.

Ƙaramar kuwa, yawancin ayyukan na 'yan shekara 4 zuwa sama ne. Za ta gaji da tsayuwa a layi, kuka ya biyo baya. Da ni ce, in Abbansu yana tare da ku, sai ya tsaya da yayan, ni in zaga da ita wajen kallon kifaye a cikin mol ɗin.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zuwa Asabar ko Lahadi, ranakun hutun mutanen Dubai ke nan tun 2022. Ku je da safe tsakiyar mako, ku ci abinci tukuna. Kada ki matsa wa babban sai ya gwada komai, ayyuka uku ko huɗu sun isa.

Idan ɗayansu na da sikila ko asma, ki ga likitansa kafin tafiya, don sanyin na'urar wurin da ƙarancin shan ruwa na iya tayar da ciwon. Ki riƙe rigar sanyi da ruwa.