Zuwa ga ƙanena a Maradi: kamarar danja a Niyu Yok

Salamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na ji ka ce in Allah ya sa biza ta fito sana'ar tuƙi za ka kama, kuma wani ya tsorata ka cewa a Amurka kamara ke cin direba tara har ya rasa na abinci. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, sai dai ya ƙara gishiri.

Nan Niyu Yok tun 1994 ake kafa kamara a mararraba. Tana haɗe da danja, in ja ya kama sannan motarka ta tsallake layi, sai ta ɗauki hoton bayan motar da lambarta. Bayan 'yan kwanaki takarda ta iso gida ta gidan waya, da hoton a jiki, da rana da awa. Tarar dalar Amurka 50 ce, wajen jaka talatin kuɗinmu ke nan. Ba a taɓa farminka, wato lasisinka na tuƙi, domin kamarar ba fuskarka take ɗauka ba. Mai motar ake bi. Wannan ka riƙe shi da kyau, don baƙo da motar aro ko ta haya yake farawa. Ka keta danja, takarda ta zo da sunan bawan Allahn da ya taimake ka. Na ga zumuncin da ya lalace a kan haka. In ba a biya cikin kwana 30 ba, sai a ƙara dala 25, in bashin ya taru ya kai 350 sai ka fito da safe ka tarar an ɗaure wa tayar ƙarfe, ko an janye motar gaba ɗaya.

Su kansu Amurkawa ba su daina gardama a kanta ba. Masu so suna cewa tana rage karon da ya fi kisa, wato mota ta shigo ta daki wata a haƙarƙari. Wani binciken hukumar hanyoyi ta tarayya na 2005 ya samu irin wannan karo ya ragu da wajen kashi 25 cikin ɗari, amma dukan baya ya ƙaru da wajen kashi 15, saboda direba na ganin ruwan ɗorawa sai ya taka burki don tsoron tara, na bayansa ya afka masa. Masu ƙi kuwa cewa suke neman kuɗi ne kawai aka lulluɓe da sunan kare rai, tunda galibi kamfani ke kafa na'urorin ya samu rabonsa. Suna da hujja: a Shikago an ɗaure wani jami'in birni shekara 10 a 2016 kan cin hancin kwangilar kamarorin. Mutanen Hustan sun jefa ƙuri'a sun kore su a 2010, jihar Teksas ta haramta su a 2019. Niyu Yok kuma ta nufi wata hanya, dokar 2024 ta ba da damar a ƙara daga mararraba 150 zuwa 600.

Ni dai ra'ayina, ga baƙo baƙar fata mai Ingilishi kame-kame, gara kamara da ɗan sanda. Ɗan sanda in ya tsayar da kai, tara ta fi yawa, makin laifi ya hau farmi, inshora ta tashi, ga tambayoyin da ba ka shirya musu ba. Kamara ba ta tambayar daga ina ka zo. Amma fa ba ta san “a yi haƙuri” ba, ba ta karɓar na goro, ba wani Alhajin da za ka kira ya sa baki kamar yadda aka saba a bakin babbar kasuwa.

Abin da ke kama sababbin zuwa ma ba ganganci ba ne. A yawancin Amurka kana iya juyawa dama a kan ja bayan ka tsaya, a birnin Niyu Yok kuwa haramun ne sai inda allo ya ba da izini. Sannan akwai kamarorin gudu kewayen makarantu, tun Agustan 2022 dare da rana suke aiki, har Lahadi. Iyakar gudu a yawancin titunan birnin mil 25 ce a awa, wato kilomita 40. Ka haura da fiye da mil 10, wata dala 50 ta tafi. Direban da ke gaggawar sauke fasinja zai iya kwasar takardu da yawa kafin ta farko ta iso hannunsa.

Tun kana nan Maradi ka fara tsayawa bayan layi in ja ya kama, ko da 'yan kabu-kabu sun cika ka da oda. Ka kuma sa a lissafinka cewa za ka sake jarrabawar tuƙi a nan, ta rubutu da ta hanya, kafin a yi maganar lasisin tasi. Ka gaida Inna, ka turo mini hoton farminka in ga wane aji ne.