Filin Tambayoyinku: Wasan harbin da ake ta turo muku a waya

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Abdou Moumouni. Kwanan nan abokaina suna ta turo mini bidiyo ta WhatsApp na wasu mutane da ke gudu tsakanin shingayen katako, suna harbin kwalaye da ƙarafa da ƙaramar bindiga, wani na bin su a baya riƙe da wata ƴar na'ura. Bindigar wasunsu har da gilashi a kanta. Wane irin wasa ne wannan? Wace bindiga ta fi kyau, wane kaya ake buƙata? Kuma wanda ya fi sauri shi ne ke ci? Ɗanka, daga Yantala, Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Abin da ka gani wasa ne mai alƙalai da littafin doka, ba atisayen soja ba ne. Ƙungiyar da ke riƙe da shi a duniya ita ce IPSC, an kafa ta a watan Mayun 1976 a garin Columbia na jihar Missouri a Amurka, shugabanta na farko kuma wani tsohon hafsan sojan Amurka ne, Jeff Cooper. Wanda ke bin maharbin a baya alƙalin fili ne. Na'urar da ke hannunsa tana yin ƙara a fara, sannan tana sauraron ƙarar kowane harbi, lokacin harbin ƙarshe shi ake rubutawa.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce ta fi ba ni sha'awa, kuma ita ce ƴan kallo suka fi kuskurewa.

Kwalin da ake harbi an raba shi gida uku. Tsakiya, wato A, maki 5. Na kewaye da shi C, na can gefe D. Mai harsashi mai ƙaramin ƙarfi yana samun 3 a C da 1 a D, mai harsashi mai ƙarfi yana samun 4 da 2. In ka kuskure kwalin gaba ɗaya, ba rasa makin kawai za ka yi ba, za a zare maka 10 daga abin da ka tara. Haka in ka huda kwalin da aka ce kada a taɓa. Bayan an gama lissafi sai a raba makinka da yawan daƙiƙoƙin da ka ci. Abin da ya fito shi ne matsayinka a wannan zango.

Ɗauki zango mai harbi 12, wato maki 60 ke nan in duk sun shiga tsakiya. Na farko mutum ne mai natsuwa, ya zuba duka a A amma ya ci daƙiƙa 12: sakamakonsa 5. Na biyu ya yi ruwan harsashi cikin daƙiƙa 6, goma sun shiga A, biyu sun bi iska: 50 a cire 20, saura 30, a raba da 6, shi ma 5. Duk wannan rawar kai bai wuce mai tafiyar hawainiya da komai ba. Na uku ya sa takwas a A, huɗu a C, ya tara 52 cikin daƙiƙa 8: yana da 6.5, ya kuma doke su duka biyun. Ka ga ba mai sauri ke ci ba, ba kuma mai saiti kaɗai ba. Mai ci shi ne wanda ya san iya saurin da idonsa zai iya bi, ya tsaya daidai nan.

Sannan ga abin da bidiyo ba ya nuna maka. Ƙarar harbi biyu a jere ita ke burge mai kallo, amma gwani da ɗan koyo ba a nan suke rabuwa sosai ba. Lokaci yana zubewa ne a tsakanin harbi: wajen zaro bindiga daga kube, wajen juyawa daga wannan kwali zuwa wancan, wajen tashi daga wuri da isa wani, wajen canza gidan harsashi. Gwani idonsa ke riga bindiga isa kwali na gaba, bindigar ta biyo. Yana canza gidan harsashi ne yana cikin tafiya, don kada ya biya kuɗin abu biyu daban. Yana isa wurin tsayawa bindigarsa ta riga ta hau daidai idonsa. Kafin a fara ana ba kowane rukuni ƴan mintoci su zagaya filin hannu wofi, za ka ga manyan mutane suna ta nuna iska da yatsa suna lumshe ido kamar masu tilawa. Hanya suke haddacewa: daga ina zan fara, ina zan canza, wane kwali ne ke ɓoye bayan shinge. Ƙaramin zango ba ya wuce harbi 12, matsakaici 24, babba 32, kuma ba a maimaita tsari ɗaya daga gasa zuwa gasa, shi ya sa haddar jiya ba ta amfani yau. In kana son ganin wannan a aikace, nemi bidiyon Eric Grauffel, Bafaranshen da ya fara cin kofin duniya a 1999 a Cebu ta ƙasar Filifin bai kai shekara 20 ba. Kada ka kalli bindigarsa, kalli ƙafafunsa.

Batun wace bindiga ta fi kyau kuwa, ba a haɗa kowa a kwando ɗaya. Mai gilashin da ka gani wataƙila ta ajin da ake kira Open ce. Gilashin yana nuna jan ɗigo a kan inda harsashi zai sauka, a bakinta kuma akwai ƙarfe mai ramuka da ke fitar da hayaƙi sama don kada bakin ya yi tsalle. Ita ce mafi tsada, mafi ƙara, mafi son gyara. A ajin Standard ba gilashi, kuma dole bindigar ta shiga cikin wani akwati mai tsawon milimita 225, faɗi 150, zurfi 45. Ajin Production na bindigogi ne kusan yadda suka fito daga masana'anta, ba a zuba fiye da harsashi 15 a gida ɗaya. Nan za ka ga CZ ta ƙasar Cek, Tanfoglio ta Italiya, da Glock ta Ostiriya. Akwai kuma ajin bindiga mai gidan harsashi da ke juyawa, da wasu. A ganina duk mai koyo daga Production ya kamata ya fara, domin bindigar ba ta rufa wa kowa asiri.

Harsashi ma ana gwada shi. Mafi ƙanƙantar da aka yarda da shi milimita 9 ne. Alƙalai suna karɓar harsasai daga hannun maharbi, su auna nauyin ɗaya, su harba wasu ta cikin na'urar auna gudu, su ninka nauyi da gudu, su raba da 1000. In lissafin bai kai 125 ba, wahalarka ta tashi a banza, ba maki. Don a lissafa ka cikin masu ƙarfi sai ka kai 160 a Open, 170 a Standard. An yi haka ne don kada wani ya rage albarushi bindigarsa ta daina dukan hannu ya ci bulus.

Sauran kaya: ɗamara mai tauri mai hawa biyu, ta ciki a cikin madaukan wando, ta waje ta manne a kanta, kube da ya rufe kunamar bindiga ruf, aljihunan gidan harsashi, takalmi mai kama ƙasa, tabarau na kariya da abin toshe kunne, waɗannan biyu dole ne. Da zafinmu na watan Afrilu zan ƙara da abin da zai hana tafin hannu santsi, don gumi kaɗai ya isa ya ɓata riƙo. Dokarsu ma ba ta son farar hula ya zo cikin kaki mai dabbare-dabbare, kwalin kuma an yanka shi ba kai ba kafaɗa, don kada ya yi kama da mutum.

Akwai abin da ya fi duk wannan nauyi. A wasan nan laifin tsaro ba tara ake ci ba, kora ake yi daga gasar baki ɗaya, ko da kai ne zakaran duniya. Bakin bindiga ya waiwayo baya zuwa wajen ƴan kallo, ka tafi gida. Yatsa ya shiga wajen kunama kana gudu ko kana canza gidan harsashi, ka tafi gida. Bindiga ta suɓuce ta faɗi, haka. Ka taɓa ta ba a wurin da aka keɓe ba kuma ba da umarnin alƙali ba, haka. Ƙarfe ba a harbinsa kusa da mita 7 saboda ɓarɓashin da ke dawowa. Lokacin da nake cikin kaki ina koyar da sabbin shiga, wanda na fi tsoro ba marar saiti ba ne, wanda ke juyowa da bindiga a hannu ya tambaye ni ko ya yi daidai ne.

Yanzu mu dawo gida. A Nijar ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma a rubuce, kuma tun 1994 akwai hukuma ta musamman, CNCCAI, da aikinta shi ne tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba. Ka san halin tsaron da ake ciki a Tillaberi da Diffa da arewacin Tawa. Duk wanda ya ce zai samo maka ƙarfe ta bayan gida don ka koyi wasa, gidan kaso yake nema maka. IPSC tana da reshe na bindigar iska mai harba ƴan ƙwallayen roba, dokokinsa kusan iri ɗaya, har an yi gasarsa ta duniya ta farko a Hong Kong a 2018. Amma ita ma kamarta ɗaya da ta gaske, jami'in da ke bakin shinge da dare ba zai tsaya bambancewa ba. Kada ka saye ta, kada ka yawata da ita, sai ka je ka tambayi hukuma tukuna.

Tambaya: Baba ina wuni. Ni ƴar kaki ce, ban daɗe da fara aiki ba. Duk ranar da aka kai mu filin harbi, harsasaina ƙasa suke sauka ta hagu, alhali na daidaita saiti. Da dama nake harbi. Abokan aikina sun ce bindigar ce ta karkace. Ƴarka, daga Tawa.

Amsa: Lafiya lau ƴata, a gaida mutanen Adar. Garinku ne ya karɓi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a 1975, don haka ba zan yi miki sassauci ba: da wuya laifin bindigar ne. Ki ba wani gwani ita ya harba biyar. In nasa sun shiga tsakiya, magana ta ƙare.

Ƙasa ta hagu ga mai harbi da dama tsohon ciwo ne. Abu biyu ke kawo shi. Ko dai jikinki ya san duka na zuwa sai ya tura bakin bindigar ƙasa kafin ta tashi, ko kuma lokacin da manuniya ke jan kunama sauran yatsun suna matsewa tare da ita, su ja bakin gefe. Gwajinsa mai sauƙi ne: malaminku ya cusa harsashin wofi na horo a cikin na gaske ba tare da kin san inda yake ba. In kika zo kansa bindiga ba ta tashi ba, za ki ga bakinta ya yi sujada da idonki.

Maganin yana cikin riƙo. Hannun dama ya hau can sama, kada ki bar rata tsakanin hannunki da ƙeyar bindigar. Tafin hagu ya cike gurbin da ya rage a jikin mariƙi, manyan yatsu biyu suna kallon gaba. Ƴan gasa da hannun hagu suke matsewa sosai, su bar na dama da ɗan sauƙi don manuniya ta yi aikinta ita kaɗai, ta ja kunama kai tsaye baya ba fizga. Ki ɗan rusuna gaba, nauyinki a kan yatsun ƙafa, kada ki jingina baya. Sannan ki yawaita ja ba harsashi: a wurin da dokar aikinku ta yarda, an cire gidan harsashi, an duba ciki da ido da yatsa, ba harsashi ko ɗaya a ɗakin, baki na kallon bangon da ba kowa bayansa. A ɗora miki dala a kan bakin bindigar in tana da shimfiɗaɗɗen baya, ki ja kunama kada ta faɗi. Minti goma kullum ya fi awa biyu sau ɗaya a wata. Ki kuma ninka abin toshe kunne, na ciki da na waje. Rabin firgitar daga ƙara take.

Tambaya: Malam, jikokina sun nuna mini hoton wani Baturke mai furfura da ya je gasar Olamfik yana harbi da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu, ba wani kaya. Wasan da kake magana a kai ne? Wani dattijo, daga Bukoki, Yamai.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Ba shi ba ne, na IPSC ba ya cikin Olamfik. Wancan Yusuf Dikeç ne, tsohon jandarman Turkiyya, ya ci azurfa a gasar Faris ta 2024 shi da abokiyar wasansa, yana da shekara 51, ƴan Sabiya suka ɗauki zinariya. Nasu bindigar iska ce mai ƙwayar dalma milimita 4.5, daga nisan mita 10, a tsaye cak, ba gudu, kuma da'irar maki 10 faɗinta milimita 11.5 ne kawai. Hannu ɗaya dokar wasan ce, sa ɗayan a aljihu kuma abu ne da yawancinsu ke yi don kafaɗa ta zauna, ba gadara ba ce. An yi harbin ne a garin Châteauroux na Faransa, a filin da ya karɓi gasar duniya ta IPSC a 2017. Jikokin su sake duba hoton da kyau: da tabaransa na gani a fuska, da ƴan abin toshewa a kunnensa.