Tambaya da Amsa: Wace kwamfuta mai alƙalami ta dace da mai zane?

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun wannan karon daga 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya suka fi fitowa, kuma duk a kan abu guda: kwamfutar da za a ɗauka a hannu a yi zane a fuskarta da alƙalami. Ga huɗu daga ciki.

Tambaya: Ni mai ƙunshi ce a Shara Mansur, nan Makka, kuma ina fitar wa teloli zanen aikin hannun abaya da na wuya. A takarda nake yi, in ɗauki hoto in tura musu ta WhatsApp. Na shiga shagon Jarir na ga iPad da Samsung da Surface da laftof masu naɗewa, kowanne an ce yana da alƙalami. Wanne zan ɗauka?

Amsa: 'Yar'uwa, ki fara zaɓen alƙalami, kwamfutar ta biyo baya. Masu saye da yawa ƙarfin inji da kyan jiki suke dubawa, sai sun isa gida su tarar alƙalamin na sa hannu a takardun ofis ne, ba ya iya jan siririn layi irin na lalle. Kuma alƙaluman nan ba sa aron juna: na Apple ba ya rubutu a Samsung, na Samsung ba ya rubutu a Surface.

S Pen na Samsung da fasahar kamfanin Wacom yake aiki, wadda ake kira EMR. Ba ya buƙatar caji kafin ya yi zane, domin daga wata raga da ke ƙarƙashin gilashin yake samun wuta. Da kin ɗora bakinsa a hankali yake fara fitar da layi, kuma a cikin kwali yake zuwa tare da Galaxy Tab S da S FE, ba sai kin sake biya ba. Ki kula dai, Galaxy Tab A9 mai araha ba ya karɓar S Pen ko kin saya daban.

Na Apple kuwa daban ake sayar da shi, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Apple Pencil mai caji da USB-C, wanda ya fito a 2023, shi ne mafi araha, amma ba ya jin dannawa. Ko kin danna da ƙarfi ko kin shafa a hankali, kaurin layin ɗaya ne. Ke da kika san yadda ake matsa ledar lalle layi ya yi kauri, a sassauta ya sirance, kin san ba abin da za ki yi da alƙalamin da ba ya jin hannu. Apple Pencil Pro na 2024 yana ji, amma da sababbin iPad Air da iPad Pro da iPad mini kawai yake aiki. Shi kuma iPad ɗin da ya fi sauƙin kuɗi, alƙalami mai jin dannawa da yake karɓa shi ne Apple Pencil na farko, wanda sai da ƙaramin mahaɗi ake haɗa shi a yi masa caji. Ƙari a kan haka akwai 'yar tazara tsakanin gilashinsa da hoton, sai ki ga layin yana fita ɗan ƙasa da bakin alƙalamin. Kafin ki biya, ki sa mai shago ya haɗa wannan alƙalamin da wannan iPad ɗin a gabanki.

Surface da laftof masu naɗewa na HP da Lenovo da Dell da Asus galibi da fasahar MPP ko AES suke aiki. Alƙalaminsu na da batir ko ana yi masa caji. Wasunsu na da kyau, amma an san irin wannan da matsala guda: idan aka ja layi a karkace a hankali, sai ya riƙa yin kwana-kwana kamar hannu na rawa. Zanen lalle kuwa kusan duka a hankali ake jansa.

Sai manhaja. Procreate a iPad kaɗai take, sau ɗaya ake biya, dala 13, wajen riyal 50 ke nan. Krita kyauta ce, tana aiki a Samsung da Windows, amma babu ita a iPad. Akwai ibisPaint a iPad da Samsung duka. Dukansu ukun suna da wurin da za ki kunna madubi: ki zana rabin fure, ɗaya rabin ya fito da kansa, ko ki zana hannun dama na abaya, na hagu ya fito daidai da shi. Wannan kaɗai zai rage miki rabin wahala.

A ganinmu ba ki da buƙatar laftof mai Windows. In kuɗin ya yi kaɗan, Galaxy Tab S FE ya ishe ki. In da hali, iPad Air mai inci 11 da Pencil Pro. Ko wanne kika nufa, ki tafi shagon da rular roba a jaka, ki gwada na kan tebur. Ki kwantar da rular a karkace ki ja layi sannu a hankali, ki duba ko ya miƙe. Ki ja wani kina farawa da shafa, kina ƙara nauyin hannu har ya yi kauri, ki ga ko kaurin yana hawa a jere ko tsalle yake yi. Ki ɗora tafin hannunki a gilashin kina zane. In ɗige-ɗige suka bayyana inda tafin ya taɓa, haka za ki yi ta fama da shi kullum. Sannan ki yi ɗigo a kusurwoyi huɗun, don a gefe ne layi ya fi kauce wa bakin alƙalami. Lambar nan ta matakan dannawa da ake bugawa a kwali, 4096 ko 8192 ko 16384, kada ta ɗauke miki hankali. Daga 4096 zuwa sama hannu ba ya bambancewa.

Tambaya: Ɗalibi ne ni a Jami'ar Musulunci ta Madina. Ina koyon ƙawataccen rubutun Larabci, salon nasakhi da sulusi, ina kuma son yin zayyana a kwamfuta. Ina da laftof amma fuskarta ba ta jin taɓawa. Dole ne in sayar in sayi wata?

Amsa: Malam, kada ka sayar. Ka sayi allon zane wanda ake haɗawa da laftof ta USB: Wacom Intuos, ko na Huion ko XP-Pen. Ba shi da fuska. Hannunka na kan allon, idonka na kan laftof. Mako ɗaya ko biyu na farko zai ba ka haushi, daga nan hannu ya saba. Kuɗinsa bai kai ko kusa da na sabuwar kwamfuta ba, alƙalaminsa kuma ba ya cin batir. Ƙarami wajen inci 6 da 4 ne, matsakaici wajen 10 da 6. Ka ɗauki matsakaici, saboda jan alif da lam na sulusi yana son fili.

Matsaloli biyu ne za su fara samunka, kuma duk ba lalacewa ba ce. Ta farko, ka zana da'ira ta fito kamar an matse ta. Dalili shi ne fasalin allon da na fuskar laftof ba ɗaya ba ne. Ka shiga manhajar allon ka kunna wurin da ke daidaita tsawo da faɗi. Ta biyu, alƙalami na rubutu amma ba ya jin dannawa. Windows na da hanyoyi biyu na sauraron alƙalami, Wintab da Windows Ink. In allon na bin ɗaya, manhajar zanen na bin ɗayar, dannawa ba za ta isa ba. A Krita ka shiga saitin allon zane ka koma ɗaya hanyar, ka rufe manhajar ka sake buɗewa. In akwai direban wani tsohon allo a laftof ɗin, wato 'yar manhajar da ke haɗa na'ura da kwamfuta, ka cire shi tukuna, don sukan yi karo.

Game da rubutun kansa, kaurin harafi a nasakhi da sulusi daga yankan bakin alƙalamin kara da karkatar riƙonsa yake fitowa, ba daga dannawa ba. Don haka a manhajar zanen ka zaɓi buroshi mai faffaɗan baki, ka tsayar da kusurwarsa, ka kashe dannawa a kan kauri. Ka gwada da ɗigo: in ya fito da kusurwa huɗu irin wanda ake auna tsawon alif da shi, saitin ya yi. Muna roƙonka kada allon ya raba ka da kara da tawada a gaban malaminka, don a can hannu yake nuna.

In daga baya ka so allo mai fuska, irin Huion Kamvas 13, ka fara duba ramin USB-C na laftof ɗinka. Ba kowanne ke fitar da hoto ba. In naka ba ya yi, sai ka yi amfani da wayar nan mai kai uku da ke shiga HDMI.

Tambaya: Ina aiki a shagon buga alluna da fastoci a Baɗha, Riyad. Maigida ya ce in zaɓi kwamfuta ɗaya da zan riƙa zane da ita, in kuma tura aiki zuwa injin bugu da na yanka sitika. Ina tunanin Surface Pro. Giga 8 ta RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita, ta isa?

Amsa: Ba ta isa ba, ɗan'uwa, ga lissafin. Takardar A3 a ɗigo 300 kowane inci tana da fiksil 3508 sau 4961, wato sama da miliyan 17. Kowane fiksil na cin bayit 4, saboda haka leya ɗaya cikakkiya, wato shimfiɗa ɗaya daga cikin waɗanda ake ɗorawa a haɗa zane, wajen mega 70 ce. Leya 40 sun kusa cinye giga 3, ba a sa abin da manhaja ke ajiyewa don komawa baya ba, ba a sa abin da Windows kanta ke ci ba. Ka nemi giga 16 ta RAM a ƙalla, da ma'aji 512. A Surface da yawancin siraran kwamfutoci RAM a like take da allon injin, ba a ƙara ta daga baya. Abin da ka saya da shi za ka zauna.

Abin da ya fi RAM muhimmanci a wurinka shi ne irin injin. Surface Pro 11 da ya fito a 2024 Snapdragon ne a ciki, wato inji irin na ARM, ba Intel ba. Manhajoji da yawa suna tafiya a kansa, amma direbobin da aka rubuta don Intel ba sa hawa, kuma injinan yanka sitika da manyan firintoci da direba suke aiki. Ka rubuta sunan kowane inji na shagon, ka duba shafin kamfaninsa ko ya fitar da direban Windows na ARM. In babu, ka nemi Surface mai Intel ko wata mai naɗewa mai Intel ko AMD. iPad ba zai yi maka wannan aikin ba, tunda cikakken CorelDRAW da cikakken Photoshop a Windows ko Mac suke, shi kuma MacBook ba a zane a fuskarsa.

Ka karanta takardar bayanin fuskar. In ka ga 45% NTSC a wurin awon launi, ka wuce. Ja zai yi maka fari-fari, ka yi ta ƙara masa, a buga ya fito ya yi yawa. Ka nemi 100% sRGB. Fuskar OLED kuma nata laifin shi ne ƙawata launi fiye da gaskiya, sai ka mayar da ita yanayin sRGB, ka rage haske zuwa rabi lokacin da kake tantance kala. Ko da fuska mai kyau, kore shar da shuɗi mai haske sukan dushe a tawadar injin bugu ta CMYK. Ka buga ɗan yanki ka gani kafin ka saki babban allo.

Tambaya: Ni direba ne a Jidda. 'Yata a Kano tana son zane, ina so in saya mata na hannu a Haraj, kasuwar kayan hannu, in aika da shi. Me zan duba?

Amsa: Allah ya saka da alheri, Alhaji. Abu na farko kulle. In iPad ne, mai shi ya fita daga asusunsa na Apple, ya goge na'urar a gabanka, ka kunna ka ga ta wuce ba ta nemi asusun kowa ba. Haka Samsung da asusun Google da na Samsung. Wanda ya ce ya manta lambar sirri, ka bar masa kayansa. In shafin farko ya nuna wani kamfani ko makaranta ke kula da na'urar, ita ma ka bar ta.

Ka buɗe farin shafi ka cika shi da layuka daga gefe zuwa gefe. Inda layi ya yanke, wurin ya mutu. Ka kwantar da na'urar a tebur ka duba ta gefe: gilashin da ya ɗaga alamar batir ya kumbura ne, kuma zafi ke jawo haka. Apple ya ce tsakanin digiri 0 da 35 ake amfani da iPad, ga shi cikin motar da aka rufe a rana a Jidda ya wuce haka nesa. Kai ma bayan ka saya, kada ka bar ta a mota.

Ka gwada farashin da na sabo kafin ka yanke shawara. Sabo a nan na da garantin shekara biyu in ka riƙe fatura, wato rasit, amma ka tambaya ko yana aiki a wajen ƙasar, don galibi na wakili a Saudiyya yake tsayawa. Caja ba matsala: bakin soket mai ƙafa uku na nan shi ne na Najeriya. Wanda zai tafi da ita ya sa a jakar hannu, ba cikin kayan awo ba, saboda batir da kuma fashewar gilashi. Ka haɗa mata da fakitin bakin alƙalami guda ɗaya ko biyu. Suna cinyewa, musamman in an manna wa gilashin ledar nan mai kaushin takarda, kuma baki in ya cinye yana iya karce fuskar.