Kun Tambaya: Wace Jif Haibrid Za A Saya?

Tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka koma kan magana ɗaya: motar da ba ta shan mai. Na wannan makon duk a kan ƙananan jif ne masu haɗin fetur da lantarki, waɗanda ake kira haibrid.

Wani ma'aikacin banki daga Kano ya ce: "Na tsaya tsakanin Toyota RAV4 Hybrid da Honda CR-V Hybrid, duka 'yan 2020, duka tokumbo, kuɗinsu kusan ɗaya. Wacce zan ɗauka?"

Malam, ɗauki RAV4. Honda ba ta da aibu, cikinta ma ya fi yalwa a kujerar baya, tafiyarta kuma ta fi laushi. Amma mota ba a wajen dillali take ƙarewa ba, ranar da ta yi tari gareji za ka nufa. Toyota ta fara wannan fasaha tun 1997 da Prius, kuma 'yan kanikawan da suka iya haibrid a garuruwanmu galibi a kan Toyota suka koya. Haka kayan gyara: zagaya Ƙofar Ruwa ka tambayi na kowacce, za ka ji bambancin da kunnenka. A gwajin hukumar Amurka, RAV4 ɗin nan tana shan kusan lita 6 a kilomita 100, 'yar'uwarta ta fetur zalla kusan lita 8, CR-V Hybrid kuwa ta ɗan fi RAV4 Hybrid shan mai kaɗan. Sannan CR-V Hybrid ta Amurka ba ta zuwa da safaya, sai ɗan famfo da gam na liƙe taya. Wanda ya san hanyar Kano zuwa Katsina da dare ya san abin da hakan ke nufi.

Abu ɗaya za ka sa a duba maka. RAV4 Hybrid 'yan 2019 zuwa 2021 da suka zauna a Kanada ko arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, an same su da tsatsa a mahaɗar babbar wayar lantarki da ke zuwa injin lantarki na baya. A hau da ita kan rami, a leƙa wurin da fitila kafin ka biya ko sisi.

Wani ɗan kasuwa daga Sakkwato yana zirga-zirga zuwa Kano duk mako, yana tambaya ko haibrid za ta rage masa kuɗin mai. Alhaji, za ta rage, amma ba yadda aka ba ka labari ba. Ribar haibrid a cikin gari take, inda ake tsayawa ana tashi: injin fetur yana mutuwa a gosulo, birki kuma yana mayar da wuta cikin batir. A doguwar hanya da gudu injin fetur ne ke ɗauke da kusan dukkan aikin. Lissafa ƙarin kuɗin da za ka biya a kan ta fetur zalla, ka raba da abin da za ka rage a wata. In shekarun sun yi yawa, ka bar ta.

Wata malamar makaranta daga Kaduna ta rubuto doguwar wasiƙa. Ta haɗa kuɗin adashi na shekaru da ɗan abin da ta gada daga maigidanta, Allah ya jiƙansa, tana son motar kai yara makaranta. Wani dillali ya nuna mata RAV4 Hybrid 'yar 2019 a farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na kasuwa, ya ce mai ita ne ke cikin matsi. Ta ce ba ta iya barci, tana tsoron kada ta saya batir ya mutu mata a hannu.

Hajiya, Allah ya raya marayu, ya sanya albarka a dukiyar. Kwantar da hankalinki a kan batir tukuna. Batirin Toyota yana da tsawon rai, har kamfanin ya ƙara garantinsa a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 150,000 daga motocin 2020. Garantin ba ya tsallako teku ya biyo motar nan, amma yana nuna yadda suka yarda da kayansu. Ni ba batir ne ya tsaya mini a rai ba. Arahar nan ce.

Bari in yi magana da kowa, don wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da guguwa ta afka wa Amurka, kamar Ian a Fulorida a 2022 ko Helene a 2024, motoci masu ɗimbin yawa suna kwana cikin ruwa. Kamfanonin inshora su biya masu su, su tura motocin gwanjo da takardar da ke cewa sun tashi daga aiki. Wasu 'yan'uwanmu su saye su da arha, a loda a jirgi, a wanke, a busar, a feshe ciki da turare, a jera a bakin titi ana kiransu "Beljiyam lamba ɗaya". Motar fetur da ta sha ruwa ma masifa ce, balle haibrid, wadda batirinta ke ƙarƙashin kujerar baya, wayoyinta masu ƙarfin wuta kuma suka bi ta ƙasan mota. Ruwan gishiri ba ya nuna ɓarnarsa ran farko. Motar za ta tashi lafiya, ta yi makonni lafiya, tsatsa na cin mahaɗun waya a hankali, sai wata rana fitilu su cika gaban direba, ta ƙi motsi. A lokacin dillali ya daina ɗaukar waya. Wanda ya san tarihin mota ya ɓoye, ya sayar wa mai marayu, ya sani haƙƙi ya ci, kuma ba ya tsaya a duniya.

Ga kuma ta'asa ta biyu, ita ma ta yi yawa yanzu: batirin kwaskwarima. Batirin haibrid ƙananan ɓangarori ne da yawa da aka jera. In ɗaya ko biyu sun raunana, sai a cire su a cusa wasu tsofaffi daga wata motar, a goge alamar gargaɗi da kwamfuta, a ce an sa sabo. Ɓangarorin da ƙarfinsu bai zo ɗaya ba ba sa daɗewa tare. Araha ba ta ado, kuma a haibrid kuɗin batir ɗaya yana iya cinye duk man da aka rage a shekaru.

To, Hajiya, ga abin da za ki yi, kuma kada ki je ke kaɗai. Karɓi lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. A sa ta a intanet. Sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo suna fitowa, a ga halin da take ciki kafin fanal bita ya taɓa ta, a ga kuma ainihin tafiyar da ta yi kafin a juya mata mita. A biya 'yan kuɗi a ciro rahoton Carfax, mai nuna tarihin motar a Amurka. Dillalin da ya hana lambar shasi ya riga ya ba ki amsa. Sannan a jikin motar: a ɗaga kafet a shafa ƙasa, a buɗe mazaunin safaya a nemi busasshen laka a lunguna, a leƙa ƙarfen da kujeru ke tafiya a kai ko ya yi tsatsa, a ja bel har ƙarshensa a ga ko akwai zanen ruwa. In turare ya yi yawa, a rufe gilasai a bar ta a rana na ɗan lokaci, warin danshi zai fito. Daga nan makanikin da ke kika kawo, ba na dillali ba, ya sa mata kwamfuta ya karanta ƙarfin kowane ɓangare na batir, a yi doguwar tafiya da ita esi a kunne, a sake karantawa. In an ce miki "akwai wani mai saye yana hanya", ki ce Allah ya ba shi sa'a. Kuɗinki ba za su ruɓe ba don sun ƙara wata guda a banki.

In Allah ya haɗa ki da ta ƙwarai, abu uku za ki riƙe. Akwai ƙofar iskar da ke sanyaya batir a ƙasan kujerar baya, da 'yar matata a ciki. Kada yara su toshe ta da jaka, kuma a riƙa tsabtace ta, musamman da hunturu saboda ƙura, don zafi ne babban abokin gaban batir. Kada ki bar mai gyaran esi na bakin titi ya zuba mata man kwamfireso na motar fetur, nata na lantarki ne, mansa daban, ND-11 ake ce masa. Baƙin mai kuma 0W-16 ne, in babu 0W-20, daga wurin da kika amince, don jabu ya cika gari.

Wani matashi daga Abuja ya ce makanikinsa ya tabbatar masa in batir ya mutu za a cire shi kawai a ci gaba da tafiya da fetur. Wannan wace irin magana ce? Haibrid ɗin Toyota ba ta da kik irin na sauran motoci, babban batir ne ke tayar da injin. Ka cire shi, ka ajiye ƙarfe a ƙofar gida. Canza makaniki yau. Matashin ya kuma ƙara da cewa zai ci bashin banki ya sayi Lexus NX 300h don abokinsa ya saya. Ɗana, da irin kuɗin ruwan da bankuna ke karɓa yanzu, ka ci bashi don rage kuɗin mai? A ƙarƙashin fatar kujerun nan, injinta dangin na RAV4 ne na zamaninta. Ba zan ɓata fili a kan wannan ba.

Wani dattijo daga Zariya yana tambaya ko sai ya riƙa jona ta da wutar NEPA. A'a, Baba, ita ke cajin kanta tana tafiya. Wadda ake jonawa daban ce, kamar RAV4 Prime, mai iya yin kusan kilomita 68 da lantarki kaɗai. In ba ka da sola mai ƙarfi a gida, kada ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba.

Masu tambayar Hyundai Tucson da Kia Sportage na haibrid kuwa: motoci ne masu kyau da kayan zamani, amma injinsu ƙarami ne mai na'urar ƙara ƙarfi ta tabo (turbo), lita 1.6, ba ya haƙuri da gurɓataccen fetur ko jabun baƙin mai. In sabuwa ce daga wakilin kamfani da garanti a rubuce, bismillah. In tokumbo ce, a fara nemo wanda zai gyara ta a garinku, a gan shi ido da ido da kayan aikinsa, sannan a zo a yi ciniki.